Kodin a Aji: Tambayoyin da Malaman Sakkwato Ke Yawan Yi Mini

Tun da muka fara haɗuwa ranar Asabar, mu 'yan malamai, muna koyon kodin da laftof biyu da wayoyin hannunmu, tambayoyin da nake ji ba su cika canzawa ba. Malamin firamare da ya sauko daga motar Bodinga ya hau kabu-kabu ya iso, da malamar lissafi ta wata sakandare a Mabera, damuwarsu kusan ɗaya ce. Wasu tambayoyin a gaban kowa ake yin su. Wasu kuwa sai an tashi, mutum ya biyo ni bakin ƙofa ya rage murya ya ce, "Malam, don Allah in tambaye ka mana." Na haɗa su duka a nan, har da na bakin ƙofar.

Wai shin mene ne kodin ɗin nan?

Rubuta wa kwamfuta umarni ne cikin yaren da take ganewa. Kwamfuta ba ta da wayo ko na sisin kwabo. Sauri gare ta da rashin gajiya, amma abin da ka faɗa shi take yi, ba ruwanta da abin da ke zuciyarka. In ka aiki yaro kasuwa ya sayo albasa, ya san ba buhu kake so ba, ya kuma san ya dawo da canji. Ita kuwa sai ka gaya mata guda nawa, a wurin wa, in babu ta yi yaya, in ta samu ta tsaya ko ta ci gaba da saye har kuɗin su ƙare. Zama a rubuta wannan dalla-dalla shi ne kodin. Abin da aka rubuta ana ce masa manhaja, kalmar da mu malamai muka riga muka sani da wata ma'ana. Saboda haka a nan in ina nufin tamu zan ce manhajar karatu.

To "tunani irin na kwamfuta" da ake ta ambata a wurin bita fa?

Sunan ne ya ɓata shi, har wasu ke zaton so ake a mai da yara injina. Tunanin da mutum ke yi ne kafin ya taɓa kibod: ya farfasa babbar matsala ta zama ƙanana, ya lura da abin da ke maimaituwa, ya ajiye bayanan da ba su shafi aikin ba, sannan ya jera matakai yadda ko wanda bai san komai ba zai bi ya kai ga amsa.

Seymour Papert, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wa yara yaren Logo a 1967, ya yi amfani da wannan lafazi tun 1980. Amma abin bai bazu ba sai 2006, da Jeannette Wing ta jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ta rubuta wata gajeriyar maƙala tana cewa ya kamata kowane yaro ya koye shi kamar yadda yake koyon karatu da rubutu da lissafi. Shi kuwa jerin matakan nan da ake kira algoridim, sunansa ya samo asali ne daga Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Nakan faɗa wa yara wannan a rana ta farko, don su daina kallon abin a matsayin kayan Turawa zalla.

Ni malamin Hausa ne, abokina kuma na addinin Musulunci. Me ya haɗa mu da wannan?

Ku ne ma kuka fi kowa kayan aiki, sai dai ba ku taɓa kiran su da wannan suna ba.

Ɗauki zakkar tumaki da awaki yadda ake karanta ta a zaure. In dabbobin ba su kai 40 ba, babu zakka. Daga 40 zuwa 120, guda ɗaya. Daga 121 zuwa 200, biyu. Daga 201, uku. Wannan shi ne ainihin abin da masu kodin ke kira sharaɗi: idan kaza, yi kaza, in ba haka ba duba na gaba. Ka sa yara su zana shi a allo da kibiyoyi, sannan ka riƙa jefa musu lambobi. Mai tumaki 39? Mai 75? Sai ka jefa 120 daidai. A nan za ka kama wanda ya rubuta "ƙasa da 120" a inda ya kamata ya rubuta "bai wuce 120 ba", ya ɗora wa bawan Allah tunkiya biyu alhali ɗaya ce a kansa. Irin wannan kuskure na bakin iyaka yana cikin waɗanda suka fi wahalar da ƙwararrun masu rubuta manhaja, ga shi yaro ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare ya ci karo da shi ba tare da ya ga kwamfuta ba. Rabon gado ma haka yake: mata tana da sumuni in mamacin ya bar ɗa, rubu'i in bai bari ba.

Malamin Hausa kuma ya gwada wannan. Ka ce wa yara su fitar da doka: yaushe ake cewa "motar Malam", yaushe ake cewa "littafin Malam"? Nan da nan wani zai ce, in kalma ta ƙare da "a" a sa "r", sauran a sa "n". Madalla. Sai ka ba shi gida, da ruwa, da nama. Doka ta karye. Yanzu sai a koma a gyara ta, a gane cewa jinsin kalmar ne ke hukunci, harafin ƙarshe alama ce kawai da ke yawan dacewa. Kafa doka, gwada ta, gano inda ta karye, gyara ta: rabin aikin mai kodin ke nan.

Makarantarmu babu kwamfuta ko ɗaya, babu ma wuta. Da me zan fara?

Da kanka. Darasin da na fi jin daɗinsa a duk shekara ba ya buƙatar komai sai fili kaɗan a gaban allo.

Nakan shiga aji in ce, "Yau ni inji ne. Magana uku kaɗai nake ji: taka ɗaya, juya dama, juya hagu. Ku kai ni bakin ƙofa." Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, tafi ƙofa." Na tsaya ƙiƙam ina kallon bango. Aka yi dariya. Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Juya dama." Na juya. "Taka ɗaya." Na taka. "Taka ɗaya. Taka ɗaya." Da ta faɗa sau huɗu sai ta gaji, ta dube ni ta ce, "Malam, ba za a iya cewa taka ɗaya sau tara ba?" Na ce an yarda. Ban koya mata maimaici ba, gajiya ce ta koya mata, kuma gajiyar ce ta sa aka ƙirƙiro shi tun asali. Sai dai taku shida ne tsakanina da benci, don haka na bi umarninta na daki benci da gwiwa, na ci gaba da takawa a wuri ɗaya har na cika tara. Aji ya kaure da ihu. Daga nan na ce kowane rukuni ya rubuta umarninsa duka a takarda kafin in motsa, ba gyara a tsakiyar tafiya. Shiru ya sauka, aka fara ƙirga taku da ido, ana gardama a kan ina ne dama in mutum ya fuskanci gabas.

Na biyu, katunan ɗigo. Ka yanka kwali biyar, ka yi musu ɗigo 16, 8, 4, 2 da 1. Yara biyar su riƙe su a gaban aji. Katin da aka nuna shi ne 1, wanda aka kife shi ne 0. Ka ce su nuna maka yawan ƙananan hukumomin jihar Sakkwato. Za su yi ta juye-juye har su tsaya a kan 16 da 4 da 2 da 1, mai riƙe da 8 ya kife nasa: 10111, wato 23. Haka kwamfuta ke ajiye lamba. Ka tambaye su babbar lambar da kati biyar za su iya nunawa, su gano 31 da kansu. Wannan wasa yana cikin tarin darussan da ake kira CS Unplugged, waɗanda Tim Bell na jami'ar Canterbury a ƙasar Niyuzilan ya shirya tare da abokan aikinsa, kuma kyauta suke a intanet.

Na uku, cankar lamba. Yaro ya riƙe lamba tsakanin 1 da 100 a zuciyarsa, kai kuma ka yi alkawarin gano ta cikin tambaya bakwai ko ƙasa da haka, shi dai ya riƙa cewa "sama" ko "ƙasa". Ka fara da 50, kullum kana raba abin da ya rage biyu. Za su ce Malam duba yake yi. Da sun gano dabarar, ka tambaye su tambaya nawa ake buƙata in lambar tsakanin 1 da 1,000 take. Yawanci sukan ce saba'in. Goma ce.

Ashe ke nan za a iya gamawa ba a taɓa kwamfuta ba?

A'a, kada mu yaudari kanmu. Wasannin nan suna gina tunani, amma yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, wato mawus, zai sha wuya ranar da ya zauna gabanta. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Yaro daga Gudu ko Kebbe da ya fara ganin allon kwamfuta a zauren jarrabawa an riga an cuce shi. Ka fara da kwali da alli, amma ka ci gaba da damun hedimasta da kwamitin makaranta da tsofaffin ɗalibai a kan ko da laftof ɗaya ce da ƙaramin sola.

Da wane yaren kodin zan fara?

Scratch. Ba na ma jinkiri a kan wannan amsa. Rukunin Mitchel Resnick a jami'ar MIT ne suka fitar da shi a 2007, domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16, kyauta ne, kuma akwai wanda ake saukewa a kwamfuta ya yi aiki ba intanet. Ba a buga umarni da hannu. Tubala ne masu launi ake jawowa ana haɗawa, wanda bai dace da wani ba ba zai ma shiga ba. Wannan yana kawar da ciwon kan waƙafi da baka da ke korar masu farawa.

Aikinka na farko: sa magen da ke allon ta zana murabba'i. Ɗora alƙalami a kan allo, maimaita sau 4, tafi taku 100, juya digiri 90. Ya fito? To zana alwatika mai gefe daidai. Kusan duk malamin lissafi da na gani yakan sa 60, domin ya san kowace kusurwar ciki 60 ce. Sai mage ta zana wani abu kamar rabin ɗakin zuma. Kusurwar waje take juyawa, don haka 120 ake so. Na ga malamin da ya shekara fiye da goma yana koyar da kusurwoyi ya dafe kai yana dariya a wannan wuri. Daga nan sai ya gano da kansa cewa 360 ake rabawa da yawan gefe, sai ga shi yana zana mai gefe biyar da mai takwas ba wanda ya sa shi.

Kada ka ji kunyar cewa na yara ne. Darasin gabatarwa na kimiyyar kwamfuta a jami'ar Harvard, wanda ake kira CS50, da Scratch yake buɗewa. In hannunka ya faɗa, bayan wata uku ko huɗu, ka koma Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, kuma har yau da shi ake manyan ayyuka. Yaren BASIC da ke cikin tsofaffin littattafan kwamfuta na ƙaramar sakandare, ka koyar da shi in jarrabawa na tambayarsa, amma kada ka tsaya a nan.

Turancina ba shi da ƙarfi. Zan iya?

Za ka iya. Kalmomin da Python ya keɓe wa kansa ba su kai arba'in ba, waɗanda za ka yi ta amfani da su a farko kuma ba su wuce goma ba. Scratch kuwa ana canza masa harshe, akwai Larabci, akwai Hausa a jerin. Ni dai shawarata ka yi bayani da Hausa, a yi gardama da Hausa, amma ka bar yara su san kalmar Turancin kowane tubali, domin da ita za su ci karo a jarrabawa da kuma gaba. Inda Turanci ke cizo da gaske shi ne saƙon da kwamfuta ke fitarwa in an yi kuskure. Ka buɗe littafi na musamman, duk saƙon da ya fito ka kwafe shi, ka rubuta a ƙasa da Hausa abin da ya jawo shi. Kafin zango ya ƙare za ka ga guda biyar zuwa shida ne ke ta dawowa.

Waya kaɗai gare ni.

Ta isa a fara. Pydroid 3 yana gudanar da Python a wayar Android ba tare da data ba in an riga an sauke shi. Pocket Code, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar fasaha ta Graz a ƙasar Ostiriya, tubala ne irin na Scratch da aka yi domin ƙaramin allon waya. Bugu da babban yatsa akwai gajiya, ba musu. Amma manhajar da za ta karɓi makin gwaji da na jarrabawa ta haɗa, ta ce wannan ya ci wannan ya faɗi, layi shida ce ko bakwai, ana iya rubuta ta a ƙarƙashin dalbejiya lokacin tara. Da ita nake so kowane malami ya fara, domin aikinsa ne na ƙarshen zango, ya san amsar da ya kamata ta fito.

Na haura hamsin, kuma tun ina makaranta ni da lissafi ba ma ga maciji.

Wannan ta bakin ƙofa ce. Lissafin da ake buƙata a matakin da muke magana bai wuce tarawa da ɗebewa da sanin wace lamba ta fi wata ba. Abin da ake buƙata da yawa shi ne haƙuri da karanta abu a hankali, kuma a nan dattawa sun fi samari. Abin da ke ba su wuya shi ne linzami da kibod, hannu bai saba ba. Sati biyu na minti ashirin kullum yana maganin wannan. Minti ashirin kullum ya fi awa huɗu ranar Lahadi nesa ba kusa ba.

In ɗalibi ya fi ni iyawa fa? Ko manhajar ta ƙi aiki a gaban aji?

Duka biyun za su faru, ka sa a ranka tun yanzu. Mun taso a tsarin da malami ba ya cewa "ban sani ba", kuma ina ganin wannan ne babban abin da ke hana malamanmu shiga wannan fage, ya fi rashin wuta.

Ranar da abin ya fara faruwa da ni, na rubuta manhajar maki a gaban yara, na sa 40 a matsayin makin ci, na gwada da yaron da ya samu 40 cif, sai ta ce ya faɗi. Gumi ya karyo mini, ga shi watan Afrilu. Na yi kusan minti uku ina kallon allo. Can wani yaro da ba ya cika magana ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ka ce wanda ya fi 40. Shi bai fi ba, daidai yake." Kuskuren tumaki 120 ɗin nan ne, ni da nake koyar da shi. Na kira shi ya zo ya gyara da hannunsa. Ban ga girmana ya ragu ba a wannan aji. Abin da na gani shi ne daga ranar yara suka daina ɓoye kuskurensu, suna ma kiran juna a zo a gani.

Yanzu da gangan nake saka kuskure, in ce akwai ƙwaro a ciki, wa zai kamo shi? Masu kodin ƙwaro suke kiran kuskure. A 1947 ma'aikatan da ke tare da Grace Hopper a Harvard sun ciro wani ƙwaro na gaske mai fiffike daga cikin kwamfutarsu, suka manna shi a littafin aiki. Yara na son wannan labari.

Shi kuwa ɗalibin da ya fi ka sauri, ka naɗa shi mataimaki, da sharaɗi ɗaya: ba zai taɓa kibod ɗin kowa ba, da baki zai yi bayani.

Yara tamanin, kwamfuta biyar. Yaya za a yi?

Ba za su zauna duka a lokaci ɗaya ba, kuma ba dole ne su zauna ba. Akwai tsarin da Sue Sentance da abokan aikinta suka fitar a Ingila, ana ce masa PRIMM, ya dace da halinmu kamar don mu aka yi shi. Matakin farko ba ya son kwamfuta: ka rubuta gajeriyar manhaja a allo, yara su yi hasashen abin da za ta yi, su rubuta a littafi. Sannan a gudanar da ita a gani. Sannan a bincika layi-layi, a canza wani abu, daga ƙarshe su ƙirƙiro tasu. Saboda haka yayin da rukuni ɗaya ke kan kwamfuta, sauran suna hasashe da bin layi da biro.

A kan kowace kwamfuta kuma ka sa su bibbiyu ko uku-uku, direba da kwandasta. Direba ke riƙe da linzami, kwandasta ke faɗin inda za a bi. Duk minti biyar ka tafa a yi canji. In ba ka tsaya a kan canjin nan ba, yaron da akwai kwamfuta a gidansu zai riƙe linzami har a kaɗa ƙararrawa.

Yana cikin manhajar karatu kuwa, ko ƙarin wahala ce kawai?

Yana ciki. Manhajar karatun ilimin bai-ɗaya ta hukumar NERDC ta daɗe da darasin kwamfuta a cikinta, akwai shi kuma a jarrabawar WAEC da NECO. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabunta manhajar karatun, aka ƙara wa ilimin dijital gurbi. Mu kanmu malamai, jarrabawar cancanta ta hukumar TRCN a kwamfuta ake rubuta ta. Matsalar dai ita ce yadda ake koyarwa: a cika allo da ma'anar kwamfuta da sassanta, yara su kwafe su haddace, a yi shekara uku ba su taɓa ba wa kowa umarni ba, ko mutum ko inji. Ba sai ka nemi sabon lokaci a jadawali ba. Darasin da kake da shi za ka raba, rabi bayani rabi aiki.

Ina zan sami horo a nan Sakkwato?

Mai neman takarda, akwai karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Ka riƙa sauraron sanarwar bita daga SUBEB ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha, ta intanet ake neman shiga. Darussan Code.org da freeCodeCamp kyauta ne ga mai data.

Amma abin da na ga yana riƙe mutum shi ne abokan zama. Mutum huɗu ko biyar, rana ɗaya a sati, kowa ya zo da abin da ya gwada a ajinsa da inda ya kife. Wannan ba baƙon tsari ba ne a garin nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, haka ta yi da 'Yan Taru: ta karantar da jajis, su kuma su koma ƙauyuka su karantar da wasu matan. Wanda ya je bita ya dawo ya ninke takardar shaida ya sa a akwati, bai zama jaji ba.

'Yan mata fa? A ajina sukan ja baya in an zo kan kwamfuta.

Ba ja da baya suke yi ba, ture su ake yi, su kuma kunya ta hana su kokawar linzami da maza. Ka ware musu kwamfutarsu da lokacinsu, ka ga abin mamaki. Yarinyar da ta gano maimaici a labarin da na bayar a sama ba ta taɓa ganin Scratch ba a lokacin. Malamai mata kuma a sa lokacin haɗuwa da zai yi musu, da safe ko bayan azahar, a wurin da maigida ba zai yi ƙorafi ba. In aka sa bayan magariba an sallame su ke nan ba a faɗa ba.

Wani uba ya ce kada in koya wa ɗansa "yahu". Me zan ce masa?

Kada ka yi masa dariya, tsoronsa na da dalili. Ka gayyace shi ya zo ya gani. Ka ce, "Alhaji, ga abin da ɗanka ya yi," ka nuna masa manhajar zakka ko ta lissafin ribar buhun albasa. Damfara ta intanet yaudara ce da baki, ba sai an iya kodin ake yin ta ba, kuma laifi ce a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Yaron da ya san yadda manhaja ke aiki shi ne zai hana mahaifinsa tura lambar sirrin katinsa ga wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake.

Tunda ChatGPT da ire-irensa suna rubuta kodin da kansu, ina amfanin wahalar?

Suna rubutawa, kuma sau da yawa daidai. Ni ma ina amfani da su, musamman in saƙon kuskure ya fi ƙarfina. Sai dai suna yin kuskure da cikakkiyar gadara, ba za su nuna maka alamar shakka ba. Wanda bai iya karanta layi goma ya faɗi abin da za su yi ba, ba shi da hanyar sanin an ba shi daidai ko an ba shi tunkiya biyu a kan 120. Kuma kafin injin ya rubuta maka komai, sai ka iya faɗa masa abin da kake so dalla-dalla, wato dai aiken albasar nan da muka fara da shi. Ga mai koyo, ƙa'idata ita ce ka rubuta naka tukuna, in ya ƙi ka tambaye shi dalili, kada ka ce ya rubuta maka.

Mun samu laftof uku daga tsofaffin ɗalibai. Yaya za mu kula da su?

Maƙiyansu biyu ne a ƙasar nan, zafi da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗakin kwano da rana kuwa ya fi haka. Ka sa darasin kwamfuta da safe. Kada a ɗora laftof a kan tabarma ko katifa ko cinya, iska na shiga ta ƙasa ne, a ɗora a tebur a ɗan ɗaga bayanta da murfin kwalba biyu. Lokacin hunturu a rufe su da zane in an gama, a sa a kabad, kada a ajiye kusa da allo inda garin alli ke sauka. In da janareto ake caji, a haɗa da sitabilaiza, domin caja ce ke fara ƙonewa.

Ka sauke Scratch sau ɗaya a inda sabis ke da ƙarfi, ka sa a filas, ka zuba wa sauran daga nan. Filas ɗin nan kada ya je shagon da ake tura waƙoƙi da finafinai, daga can ake kwaso cutar kwamfuta. Kowane rukuni ya sami jakarsa a cikin kwamfutar da sunan ajinsu, kuma ka koya musu adana aiki tun kafin ka koya musu tubalin farko. Batirin tsohuwar laftof yakan nuna saura kashi 30, ka juya ka ɗauki alli, ka waiwayo ka tarar ta mutu.